Jar Gansakukar Hidaya

Malam Bukar bai zo Alƙahira don ya zauna ba. Aikin ido ya kawo shi. An yi aikin, idon ya warke, amma likita ya ce sai ya sake duba shi bayan wata guda kafin ya sallame shi. Shi ya sa yake zaune a hawa na huɗu a unguwar Ainu Shams, gidan autarsa Hidaya da mijinta Ukasha. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana banda da shanyar kifi a Baga, yanzu aikinsa ya ci, ya yi salla, ya leƙa taga ya ƙirga motoci. Zaman yana cinsa, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Ukasha karatun addini yake yi. Hidaya kuwa digiri na biyu take yi a kan tsirran ruwa. Ranar Laraba da yamma ta dawo daga Iskandariyya, bakin teku, da bokiti biyu a rufe. Ta shiga banɗaki ta daɗe tana wanke abin da ke ciki, sannan ta kai shi ƙaramin ɗakin da suke ajiye akwatuna. Ta shimfiɗa jaridu a ƙasa, ta baza shi a kai, ta ja labule, ta kunna fanka.

Malam Bukar ya tsaya a bakin ƙofa. Siraran rassa ne kamar gashin masara, jawur kamar ɗanyar hanta, suna ƙarnin bakin ruwa.

"Ke, mene ne wannan?"

"Gansakukar teku ce, Baba, ja. Kusan ko wane teku a duniya akwai ta. A kanta nake bincike. Shanya ta nake yi."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta gaji, ta wuce ta yi wanka. Shi kuma gansakukar da ya sani koriya ce, wadda take naɗe wa mutum taru ta ɓata masa yini.

Da safiyar Alhamis suka fita su biyu, aka bar shi shi kaɗai. Ƙarnin ya biyo shi har falo. Ya tashi ya buɗe ɗakin. Duhu. Ya sunkuya ya taɓa. Danshi ne sharaf, jaridar ta jiƙe ta manne da ƙasa. Ransa ya ɓaci nan take. An kai yarinya makaranta tun tana shekara shida, ta haye har ƙasar Masar, amma ba ta san cewa ɗanyen abu ba ya kwana biyu a duhu ba? Gobe zai fara yauƙi, jibi ya yi fumfuna, gata a zubar. Ya sha ganin sabbin shiga sana'a sun yi asarar kwando guda na karfasa saboda irin wannan lalaci. Ga rana a waje kyauta, ranar watan Yuli, wadda ko a Baga sai a gode mata.

Ya yaye zanin gadonsa, ya tattara gansakukar tsaf, ko reshe ɗaya bai bari ba. Ya hau bene hawa biyu zuwa saman rufi yana haki. Ya share wuri tsakanin tankunan ruwa, ya shimfiɗa zanin, ya danne bakinsa da bulo, ya baza ta siririya yadda ake yi. Da hantsi ya juya ta. Da azahar ya sake hawowa ya juya. Tantabarun maƙwabta suka sauko, ya kore su da takalmi. Rabonsa da ya ji jikinsa ya yi aiki haka tun ranar da ya bar gida.

Kafin la'asar ta bushe ƙamas. Jan ya tafi, ta koma fari-fari kamar tsohuwar igiya. Wannan bai dame shi ba. Me ake shanyawa ya fito da kalarsa? Kuɓewa tana canzawa, kifi yana canzawa. Ya zuba ta a babban faranti, ya ajiye a kan tebur a falo inda za a gani, ya zauna da carbinsa.

Hidaya ta shigo wajen ƙarfe biyar. Ta gaishe shi, ta wuce ƙaramin ɗakin kai tsaye. Sai ga ta ta fito da sauri, jaka tana kafaɗarta.

"Baba, wa ya shiga ɗakin nan?"

"Ni."

"Ina gansakukar?"

Ya nuna farantin da haɓa. "Aikin da za ki yi mako kina yi, na gama miki a yini ɗaya. Ba sai kin gode ba."

Ta matsa. Ta ɗauki kaɗan, ya ruguje a hannunta. Ta tona ƙasan farantin, ta tona gefe, ko'ina fari. Ta ce inna lillahi, ta zauna a ƙasa daɓas.

"A rana ka sa ta?"

"A ina ake shanya? A ƙarƙashin gado?"

"Baba, jan nake nema! Jan nan shi ne aikin gaba ɗaya! Shi zan fitar in auna. Rana tana kashe shi, shi ya sa na rufe labule, shi ya sa na sa fanka. Ka ƙone mini shi!"

"Rage murya. Da ubanki kike magana."

"Da ubana nake magana, shi ya sa ban fasa farantin nan ba."

Bai taɓa jin irin wannan daga bakin ɗa nasa ba. Ya ajiye carbin. Ita kuwa ba ta tsaya ba, maganar tana fitowa da kuka a cikinta. Na'urar da ke auna launin guda ɗaya ce a sashensu, layi ake bi. An ba ta Alhamis mai zuwa. In ta rasa ranar, sai bayan wata uku, tallafin karatunta kuwa ƙarshen wata mai zuwa zai ƙare. Ba gwaji, ba kammalawa. Shekara biyu ke nan a cikin farantin.

"To me ya hana ki faɗa jiya?"

"Na ce maka shanya nake yi."

"Ni ma shanya na yi."

"Wa ya sa ka?"

Ana haka Ukasha ya shigo da ledar burodi. Ya dubi matarsa a ƙasa, ya dubi farantin, ya dubi surukinsa, ya gane. Ya rage tsawo, ya sassauta murya.

"Baba, a yi haƙuri. Hidaya, ma'alish, kada ki damu, ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta..."

"Kai, ba wa'azi muka nema ba," in ji Malam Bukar. "Kana gidan nan aka baza abu mai muhimmanci haka a ƙasa kamar shara, ba ka buɗe baki ka ce wa baƙo kada ya taɓa ba. Ku biyu da karatunku, ba mai harshe?"

Ukasha ya kai burodin kicin. Malam Bukar ya shiga ɗakinsa ya rufe. Aka kawo abinci, ya ce a mayar.

Ranar Juma'a tun safe Hidaya take kan waya. Yana jin ta ta bango, rabi Larabci rabi Turanci. Daga abin da ta gaya wa mijinta ya fahimci matsalar. Wancan karon da motar sashensu ta je, da wani mai nutso da suka saba aiki da shi, domin gansakukar a jikin duwatsun ciki take, inda ruwa ya kai ƙirji, ita kuma ba ta iya iyo ba. Mai nutson ya yi tafiya, sai wani makon. Motar kuma ba a bayar da ita sau biyu.

Malam Bukar ya shirya ya tafi sallar Juma'a. Da aka sauko daga masallaci bai biyo Ukasha gida ba, ya ratse kasuwar unguwar, wajen Bakri mai kifi. Bakri Bahaushen Sudan ne, ya haura hamsin, kuma shi kaɗai ne a Alƙahira Malam Bukar yake ɗauka a matsayin mai sana'a. Yakan zo rumfarsa ya tsaya yana kushe kifin, Bakri yana dariya.

"Malam Bukar na Baga! Yau wane kifina ne bai kai na Chadi ba?"

"Duka. Ba wannan ya kawo ni ba. Motar da take kawo maka kaya daga teku, yaushe take zuwa?"

"Kullum da sassafe."

"Ina son gansakuka. Ja. Buhu guda."

Bakri ya ajiye wuƙa. "Gansakuka? Miya za a kaɗa, ko wani malamin ne ya rubuta maka ita don ƙarfin jiki? Faɗa mini gaskiya, ko amarya za a kawo mana?"

"Bakri, ban zo wasa ba."

Ya ga fuskar dattijon, ya daina. Ya ce masunta kullum suna zubar da ita daga taru suna zaginta, zai buga waya a tara masa. Tamam, ba matsala, gobe da safe.

Da safiyar Asabar Malam Bukar da kansa ya hau da buhun hawa huɗu, ƙanƙara tana ɗiga a bayan rigarsa. Ya dire shi a tsakiyar falo.

"Ke, fito. Ga kayanki. Ya fi wanda kika kawo sau uku. A rufe maganar."

Hidaya ta kwance bakin buhun. Na ɗan lokaci fuskarta ta saki. Ta zura hannu ta fara warewa: koriya, ruwan ƙasa, igiyar leda, ƙananan ƙaguwa matattu, sai ja nan da can, wata irin wadda take nema, wata ba ita ba.

"Baba, daga ina aka ɗebo?"

"Daga teku."

"Wane wuri? Wace rana? A jikin dutse aka cire ta ko a taru ta maƙale?"

"Jirage uku suka haɗa. Me ya dame ki da wurin?"

Ta saki abin da ke hannunta. "Ba zan iya amfani da ita ba. Dole in rubuta inda ta tsiro, da zurfin ruwan, da ranar da aka cire. Wadda taru ya kwaso, wataƙila ta yi mako tana yawo a mace."

"To ki rubuta wurin da kika je ranar Laraba. Teku ɗaya ne. Wa zai sani?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. "In yi ƙarya ke nan? Kai ka taɓa sa ruɓaɓɓen kifi a ƙasan kwali ka rufe da mai kyau?"

A Baga duk wanda ya sayi kwalin Bukar ba ya buɗewa, har Onitsha ake kai shi a ɗaure. Kuma ta sani, shi ya sa ta faɗa.

"Ni kike tambaya haka? Ni?"

"Kai ka koya mini."

"Na ɓata, kin yi ihu. Na gyara, kin ce ban iya ba. To me kike so, in durƙusa? Ukasha! Kira likitan nan ka ce ya sallame ni, ko bai sallame ni ba na tafi. Ban zo ƙasar mutane a mayar da ni yaro ba."

Ukasha ya fito ya tsaya, bai san wanda zai fara lallashi ba. Hidaya ta ɗaure buhun, ta ja shi zuwa bakin ƙofa.

"Khalas, magana ta ƙare. Gobe zan bi jirgin ƙasa na safe in je da kaina. Abin da hannuna ya kai, shi ke nan."

"Kin ce ba ki iya ruwa ba," in ji Malam Bukar.

"Zan koya gobe."

Ukasha ya ce zai raka ta, ko da yake yana da jarrabawa. Malam Bukar ya yi masa kallo ɗaya. "Kai da ruwan alwala yake sa ka atishawa? Zauna ka yi jarrabawarka."

Da gari ya waye Hidaya ta fito da bokiti da jakarta, ta tarar da shi a bakin ƙofa da hularsa da takalmin roba. Ba ta ce zo ba, bai ce zan zo ba. Suka shiga metro, jirgin cikin gari, sannan suka shiga jirgin ƙasa na Iskandariyya. Awa uku kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya buɗe baki, sai sau ɗaya da ta miƙa masa ruwa ya girgiza kai.

Wurin yana gabas da birnin, bayan gidajen masunta. Duwatsu baƙaƙe ne sun shiga cikin ruwa kamar haƙora. Malam Bukar bai taɓa ganin teku ba. Ya tsaya ya dube shi, ba tsibiri, ba ciyawa, ba gaɓar can. Bai ce yana da girma ba. Ya cire babbar riga ya ninke, ya naɗe wando, ya ɗaura buhun raga a ƙugu, ya shiga. Igiyar ruwa ta farko ta watsa masa a baki. Ya tofar.

"Ruwan banza! Ko jaki ba zai sha ba."

Hidaya ta hau wani dutse da littafi da waya, ta rubuta wurin da lokaci. Daga nan ta fara ba da umarni.

"Gaba, Baba. Dutsen hagu. A ƙasan ruwa, ba saman ba."

Ya laluba, ya finciko, ya ɗaga.

"Ba ita ba ce, wannan koriya ce!"

Ya jefar. Ya sake.

"Ita ce, amma ka tsinke ta. Daga gindi za ka cire, a hankali!"

"In kin fi ni iyawa ki sauko!"

"Da na iya da ban tsaya a nan ba! Ruwan ya kai ina?"

"Ƙirji."

"Ƙirji ko ciki? Rubutawa nake yi."

"Na ce ƙirji!"

Ruwan Chadi yana tsayawa mutum ya yi aikinsa. Wannan kuwa ya ture ka gaba, ya jawo ka baya, dutsen ga santsi ga kaifi. Sau biyu yana faɗuwa. A na biyun ƙaurinsa ya tsage, gishiri ya shiga, ya ciji leɓe bai yi ƙara ba. Wasu masunta biyu da ke gyaran taru suna kallon tsoho baƙo yana faɗa da 'yarsa a wani harshe, ɗaya ya ɗaga murya yana dariya. Malam Bukar ya zage shi da Hausa, ya ci gaba. Bayan azahar iska ta taso, igiyar ta fara rufe masa kai. Hidaya ta ce ya fito. Ya yi kamar bai ji ba, sai da ta ce in bai fito ba za ta shigo. Abin da suka samu bai cika bokiti ɗaya ba, wancan karon kuwa biyu ne.

Ta ga jinin a ƙafarsa, ta ciro hankici. Ya karɓa ya ɗaure da kansa.

Da suka dawo Ainu Shams ta wanke ta, ta baza a ƙaramin ɗakin, ta ja labule, ta kunna fanka. Sannan ta fito, ta murɗa makulli sau biyu, ta jefa shi a jakarta. Yana zaune a falo ya ji ƙarar. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Shi da ya shiga ruwa har ƙirji, shi ake kulle wa ƙofa kamar akuya.

Kwana uku suka rage, abin kuwa yana bukatar huɗu. Ranar Litinin da yamma ta shiga ta duba, ta fito fuska a murtuke. Malam Bukar bai kalle ta ba. Ya juya wajen surukinsa, ya ɗaga murya yadda za a ji har kicin.

"Ukasha, gaya wa matarka jarida tana riƙe ruwa. A ɗaga abin a kan raga, iska ta bi ta sama ta bi ta ƙasa. A inuwar tata dai. In ta ga dama."

Ukasha ya buɗe baki zai maimaita, Hidaya ta ce daga kicin, "Na ji." Can Malam Bukar ya ga an wuce da tsohon gidan sauro da kujeru huɗu zuwa ɗakin. Aka sake murɗa makullin.

Ranar Alhamis ta fita tun ƙarfe bakwai da ƙullin a cikin baƙar leda. Malam Bukar bai hau rufi ba, bai je wajen Bakri ba. Ya zauna. Da Ukasha ya tambaye shi ko a kunna masa labarai, ya ce a bar shi.

Sai bayan la'asar ta dawo. Ta yi sallama, ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Ta buɗe jaka ta ciro 'yar kwalba kamar ta turare, naɗe da takarda, ta warware ta miƙa masa. Ruwa ne a ciki, ja mai haske, ya fi zoɓo haske nesa, kamar an kunna masa fitila a ciki.

"Ta bushe. Amma ba ta isa ba. Gwaji uku ne, biyu aka samu. Malamata, Dakta Zahra, ta ce za ta karɓa haka, zan kammala a kan lokaci. Babi ɗaya ya fita daga aikin."

Ya ɗaga kwalbar wajen taga, ya rufe tsohon idon, ya duba da sabon.

"Shekara biyu a kan wannan? Ko cokali uku bai kai ba."

"Shi ke nan."

"Babin da ya fita fa?"

"Shi ne wanda na fi so. Da shi na so in nemi digiri na uku."

"Ba ya dawowa?"

"Ba ya dawowa."

Ya jima yana kallon ruwan. Akwai maganar da ta zo masa har wuya, ya ji nauyinta, ya haɗiye. Haushin kansa yake ji, da haushinta, da haushin rana, da na likitan da ya ajiye shi a nan ba gaira ba dalili.

"Da kin faɗa tun ranar Laraba," ya ce.

"Da ka tambaya, Baba."

Ukasha ya tsaya a ƙofar kicin da tiren shayi, ya kasa shigowa. Malam Bukar ya naɗe kwalbar da takardarta yadda ta zo, ya miƙa wa 'yarsa da hannu biyu.

"Karɓi abinki. Riƙe da kyau, kada ta faɗi a ce ni ne."